Bashi da kunya sun hana ni shiga cikin 'yan'uwa

Baba, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ni magidanci ne a Kaduna, shekaruna 41, ina da mata da 'ya'ya uku. Kiwon kajin ƙwai nake yi a da, Allah kuma ya rufa mini asiri har na zama cikin waɗanda ake nema in aikin ikilisiya ya taso. Tun 2023 abubuwa suka soma lalacewa, daga baya na sayar da ragowar kajin na rufe gonar. Yanzu bashi ya yi mini katutu, mafi nauyi shi ne na wani ɗan'uwa da muke sujada tare, wanda ya ranta mini kuɗin abincin kaji ba tare da ko takarda ba. Na faɗa wa wani dattijon ikilisiya damuwata a asirce, mako bai zagayo ba sai ga maganar a taron addu'a, da sunana da komai. Tun ranar ban ƙara taka majami'a ba, yau wata takwas ke nan. Matata da yara suna zuwa, ni ina ɗaki ina jin wa'azi a waya. Da fari mutane sun zo dubana, na sa aka ce ba na nan. Yanzu duk sun ɗauke ƙafa, sai wani tela da muke ƙungiyar mawaƙa tare, shi ma ba kullum nake fito masa ba. Addu'a ta gagare ni, barci ba ya zuwa, wani lokaci in na kwanta nakan ji da ma kada gari ya waye da ni. Na ƙudura ba zan koma ba sai na biya bashin nan na tsaya da ƙafafuna. Ko kuskure na yi? Ashe Allah ba yana ko'ina ba ne?

Wani ɗan'uwa, daga Kaduna

Ɗana, na amsa gaisuwarka. Sannu da wannan nauyi, Ubangiji ya kawo sauƙi.

Kafin mu je maganar majami'a, akwai abin da ka faɗa a gurguje kusa da ƙarshen wasiƙarka wanda ya fi bashin gaggawa: cewa kakan so kada gari ya waye da kai. Yau ɗin nan ka faɗa wa matarka wannan magana kamar yadda ka rubuta mini ita, kada ka sassauta ta. In akwai ragowar maganin feshi ko na ɓera da ka kwaso daga gona, ka ba ta ta fitar da shi daga gidan. Sannan cikin makon nan ku je ku ga likita. Rashin barci, da ƙin shiga mutane, da jin rayuwa ta fita daga rai, in suka wuce mako biyu suna tare da mutum, ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana da magani. A Kaduna kake, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana nan Barnawa. Na san sunan da mutane ke kiran wurin da shi, kada ya hana ka. Yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma bakin aikinsu. Mai hawan jini ba ya cewa shan magani rashin bangaskiya ne, kai ma kada wani ya gaya maka haka.

Game da gonar kuwa, kada ka ɗauke ta hukunci daga wurin Allah. A farkon 2023 aka shiga wahalar sababbin takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, mai shayi da mai kanti da ke ɗaukar kiret biyu uku da tsabar kuɗi suka daina zuwa, ƙwai ya taru yana lalacewa, kaji kuwa ba su san an canja kuɗi ba, sai sun ci. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, masara da waken suya suka bi sahu. Gonakin kaji da yawa sun rufe a wannan tsakani, na masu tsoron Allah da na waɗanda ba ruwansu.

Yanzu ga tambayarka. I, Allah yana ko'ina, yana ɗakinka ma. Amma shawarar da ka yanke, cewa sai ka miƙe tukuna za ka koma cikin 'yan'uwa, a juye take. Kai mai kiwo ne. In ka shiga keji da safe ka ga kaza ɗaya ta ware a lungu, ta sauke fuka-fuki, ba ta zuwa wurin abinci, ba ka cewa a bar ta, in ta warke za ta dawo. Warewar ita ce alamar ciwon, kuma in an ƙyale ta ita ke ƙarasa ta.

Ka buɗe 1 Sarakuna sura 19 ka karanta a hankali. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, inda ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450. Saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya tsere. Akwai wani ɗan abu a aya ta 3 da masu wa'azi kan wuce: da ya isa Biyersheba, sai ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai. Mutum ɗaya da ya rage masa, shi da kansa ya sallame shi. Bayan nan ne ya zauna gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Da ya kai Horeb kuma, sau biyu yana nanata cewa shi kaɗai ya rage. To, a sura 18 Obadiya ya riga ya gaya masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawan Ubangiji 100 a kogo yana ciyar da su. Iliya ya san wannan labari. Amma karayar zuciya takan shafe wa mutum abin da ya sani, ta bar shi da lissafin da ba daidai ba. Kai ma ka rubuta cewa duk sun ɗauke ƙafa, alhali a layin da ke sama ka ce kai ka sa a ce ba ka nan. Ba gori nake maka ba. Ina so ka ga cewa zuciyar da ta wata takwas a ɗaki ba abin dogara ba ce wajen ƙirga masu ƙaunarta.

Dubi kuma yadda Allah ya bi da annabinsa. Bai fara da tsawa ba. Abinci ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi abinci. Sai daga baya ya gyara masa lissafi, ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma ce masa ya koma ta hanyar da ya fito, ya je ya nemi Elisha. Allahn da ya yi magana da shi kai tsaye a kan dutse bai ce muryata ta ishe ka ba, sai da ya haɗa shi da mutum mai jini da tsoka wanda zai riƙa bin sa yana yi masa hidima.

Manzo Bulus ma haka. A 2 Korantiyawa sura 7 ya ce da suka isa Makidoniya ba su sami sukuni ba, faɗa a waje, tsoro a ciki, sai Allah mai ta'azantar da masu karayar zuciya ya ta'azantar da su ta wurin zuwan Titus. Wannan mutumin da ya ga wahayi iri-iri, zuwan aboki ne ya kwantar masa da hankali. Wa'azin waya ba laifi ba ne, ka ci gaba da ji in yana ƙara maka. Sai dai mai wa'azin bai san ka rame ba, ba zai lura ka kwana biyu ba ka yi aski ba, kuma in ya taɓo inda ke maka ciwo, yatsa ɗaya ya isa ka kashe shi. Har ma in faɗa maka ra'ayina, yawancin abin da ke yawo a waya yanzu wa'azin buɗi ne da arziki, irin wanda mai bashi zai gama ji ya ƙara ganin kansa la'ananne.

Ba zan wanke ikilisiya ba. Dattijon da ka ba amana ya yi laifi, ko da niyyar kirki ya yi. Muna da wannan cuta, gulma ta sa rigar addu'a: "'Yan'uwa, mu tuna da wane, yana cikin wani hali," sai a zayyana halin tun daga tushe har adadin kuɗin, a ce amin, a watse kowa da labarin da zai kai gida. Akwai kuma wata al'ada da ta girma a idonmu, ta kiran suna da adadi a ranar godiya ko gidauniyar gini, wane ya ba da buhu kaza na siminti, a tafa. Mutumin da aka saba tafa masa, ranar da hannunsa ya bushe sai ya ga kamar kujerarsa ma haya yake biya da baikonsa. Ina zaton wannan ne ke cin ka fiye da tonon asirin. Ka saba shiga majami'a a matsayin mai bayarwa, ba ka taɓa koyon shiga a matsayin mai karɓa ba.

A nan mata sun fi mu nisa. Ka lura da Zumuntar Mata ran da aka yi rasuwa a gidan ɗaya daga cikinsu. Kafin fasto ya iso sun riga sun cika tsakar gida, wata da ƙunshin itace a ka, wata da mudun shinkafa, wata ta zo da sabulu kawai ta durƙusa bakin kwanuka. Ba mai tambayar me za a yi. Tsofaffi biyu su shige ɗaki su zauna gefen mai makoki, ba sa wa'azi, in ta yi kuka su riƙe ta, in ta yi shiru su yi shiru. Da yamma a ɗauko tulun kiɗa da caki a rera waƙa biyu uku a hankali. Bayan kwana bakwai, in jama'a sun watse, wata za ta ci gaba da leƙowa. Kuma wadda ta kawo itace yau, ba ta jin kunya gobe a kawo mata. Mu maza fa? Taronmu kusan kullum na kuɗin gini ne da zaɓen shugabanni. Za ka shekara goma kana zama benci ɗaya da mutum, kun san muryar juna a waƙa, amma in ka ce masa yaya gida, "lafiya lau, mun gode Allah" ne amsar, ko da gidan yana cin wuta. Shi ya sa da ka tashi neman wanda za ka faɗa wa, sai ka duba muƙami, don ba ka tanadi aboki ba.

Ga shi kuwa Allah ya ba ka aboki. Telan nan da ke ta zuwa ana ce masa ba ka nan, ya san kana nan. Takalminka yana bakin ƙofa. Duk da haka yana dawowa, bai kuma je ya kai ƙararka ba. Bulus yana kurkuku a Roma ya yi wa gidan Onisifaras addu'a, don mutumin bai ji kunyar sarƙarsa ba, ya yi ta cigiya a birnin har ya same shi. Irin waɗannan mutane ba su da yawa, kuma sau da yawa ba su ne ke zama a kujerun gaba ba. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ka je shagonsa, tun da zumunci a ƙafa yake kuma shi ya riga ya yi nasa. Ba sai ka shirya dogon bayani ba. Ka zauna a bencin masu jiran ɗinki, ka ce masa, "Ɗan'uwa, duk zuwan da ka yi ina ciki, na kasa fitowa ne. Abin ya fi ƙarfina." Daga nan maganar za ta kama hanya da kanta. Ka roƙe shi abu biyu: abin da kuka yi ya tsaya tsakaninku, kuma ku sa rana ɗaya a mako da za ku riƙa haɗuwa, ko da rabin awa ne. In ya ga ya dace a ƙara mutum na uku wanda ku biyu kuka yarda da bakinsa, to. Kada ku wuce haka yanzu.

Ka ce addu'a ta gagare ka. To, bar shi ya yi, kai ka ce amin, in amin ɗin ma ta ƙi fitowa ka yi shiru. A Markus sura 2, shanyayyen da aka kawo wa Yesu a Kafarnahum bai taka ƙafa ɗaya ba, bai ce uffan ba. Mutum huɗu suka ɗauko shi, suka tarar ƙofa ta cika, suka hau suka buɗe rufin suka zura shi. Markus ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Akwai lokacin da rabon mai bi shi ne ya kwanta a tabarma ya yarda a ɗauke shi, kuma na san ga namijin da ya saba ɗaukar wasu wannan ya fi biyan bashi wuya.

Bashin kuwa, kada ka bari ya kai wani watan ba ka fuskance shi ba. Galatiyawa sura 6 ta ce mu ɗauki nauyin juna, 'yan ayoyi kaɗan a gaba kuma ta ce kowa zai ɗauki kayansa. Baƙin cikin na 'yan'uwa ne su taya ka ɗauka, bashin naka ne. Ka sa kanka a matsayin mutumin nan: ya ba ka kuɗi ba takarda don ya yarda da kai, yau wata takwas ba ya ganinka a sujada, wataƙila ba ka ɗaga wayarsa. Me kake so ya zata? Shirun da kake yi don kunya, shi a wurinsa ya yi kama da cin amana. Ka ɗauki telan ku je gidansa, ba a harabar majami'a ba. Ka gaya masa abin da ya rage a hannunka da abin da babu. Ku rubuta adadin a takarda, ku sa hannu, shaida ya sa nasa. Ka faɗi abin da za ka iya kawowa duk wata, komai ƙanƙantarsa, kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don kawai a rabu lafiya. Mai yiwuwa ya yi faɗa, yana da hakki, ka haɗiye. Yawancin masu bin bashi sun fi jin zafin ɓuya a kan jinkiri. Yesu ma cewa ya yi, in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Shiryawa ya ce, wannan kuwa ba ta jiran sai kuɗi sun cika.

In kana ganin ba a shiga taron masu bi hannu wofi, ka tambayi 'yan'uwanmu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka kafa harsashinta a Garkida a 1923. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, da yawansu 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram suka ci Mubi, suka mamaye hedkwatar ikilisiyar da ke Kwarhi, har shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Mutane suka watsu zuwa Yola da Jos da Abuja, wasu suka ƙetara Kamaru zuwa sansanin Minawao. Mai gona da mai shago da fasto duk suka zama masu karɓar mudu. Amma inda duk suka sauka sai da suka nemi juna suka ci gaba da sujada, ko a gindin itace ne. Gidajen 'yan'uwa a birane suka cika maƙil da baƙin da ba a san ranar tafiyarsu ba. Ba wanda ya ce sai ya sake gina gidansa zai fito cikin jama'a. Da sun jira haka, da wasunsu har yau suna jira.

Komawarka ba sai ta zama ran Lahadi da safe a idon kowa ba. Ka fara da addu'ar tsakiyar mako ko koyon waƙa, inda mutane ba su da yawa, ku shiga tare da abokinka. In ka ji ƙarfin zuwa babbar sujada, ka tafi da iyalinka. Lokacin baiko, in layinku ya tashi, ka tashi da abin da ke hannunka ko naira hamsin ce, in babu ka zauna abinka, ba wanda aka taɓa kora don wannan. Za a tambaye ka, "Kwana biyu, ina ka shiga?" Amsa ɗaya ta isa: "Na sha fama, amma ga ni, a ci gaba da yi mini addu'a." Mai ƙaunarka zai gane, mai neman labari kuma bai sami abin ɗauka ba. Mako biyu uku za a yi ana kallonka, daga nan wani zancen ya taso.

Kada ka manta da matarka a cikin wannan duka. Wata takwas tana shiga majami'a ita kaɗai da yara, ita ke amsa tambayar ina maigida, ita ka sa ta faɗi abin da ba haka ba a bakin ƙofa. Ka ba ta haƙuri a kan wannan, ka kuma daina ɓoye mata lissafin bashin. 'Ya'yanka ma suna kallo, suna koyon abin da namiji ke yi in duniya ta juya masa baya.

Dattijon nan kuwa, ka bar maganarsa sai ka ɗan sami ƙarfi, amma kada ka bar ta har abada. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Baba, abin da na faɗa maka amana ce, jin ta a taro ya yi mini ciwo ƙwarai." In ya gane, ka yafe, ka kuma san irin maganar da za ka riƙa kai masa nan gaba. In ya ƙi ji, ka sanar da fasto, don ba kai kaɗai ne za ka kai masa asiri ba. In kuma bayan duk wannan ka ga zama a wannan ikilisiya ya gagara, sauya wuri ba zunubi ba ne. Sai dai ka daidaita da mai bashinka tukuna, ka yi sallama da fasto, ka karɓi takardar shaida zuwa inda za ka. In ka sulale ba haka ba, za a ce gudun bashi ka yi, kuma labarin zai riga ka isa sabon wurin.